Neman sahun gaba a Google: bambancin mahaɗin da aka saya da wanda aka samu da gumi

Da wuya mutum ya buɗe shafin intanet na kansa ya yi wata biyu bai fara samun irin wannan saƙo ba. Yakan shigo ta imel ko ta WhatsApp, wani lokaci da Faransanci, wani lokaci da Ingilishi, daga wanda bai taɓa gani ba. Za a ce masa an duba shafinsa an ga yana da kyau, sai dai Google ba ya nuna shi, amma idan ya biya kuɗi kaɗan za a haɗa masa dubban mahaɗai, cikin mako biyu ya tsinci kansa a sahun farko.

Tayin yana sosa wa mutum daidai inda ke yi masa ƙaiƙayi. Matasa da dama a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun buɗe shafuka a ƴan shekarun nan: mai sayar da kilishi, mai jakunkuna da takalman fata, mai makaranta, ƙungiyar raya gari, ƙaramar jarida. Sau da yawa kuɗin gina shafin ɗan'uwa ne da ke ci-rani a Abidjan, Kwatano ko Faransa ya turo su. An sallami wanda ya gina, an biya kuɗin suna da na masauki na shekara guda, an raba adireshin ga dangi da abokai, daga nan sai shiru. Idan baƙo ya rubuta sunan hajar a Google, shafin yana can ƙasan jeri, inda ba wanda ke leƙawa.

Masu wannan tayi ba ƙarya zalla suke yi ba. Mahaɗai suna da tasiri a kan matsayin shafi. Abin da ba sa faɗa shi ne irin mahaɗin da ke aiki, da kuma abin da ke samun wanda aka kama yana saye.

Daga ina darajar mahaɗi ta samo asali?

Mahaɗi shi ne kalmar nan ko jimlar nan, galibi mai launin shuɗi, wadda idan an taɓa ta take kai mutum wani shafi. Waɗanda suka yi boko a Nijar sun fi saninsa da liyan, maƙwabta a Najeriya kuma su ce link. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mahaɗin da ke fitowa daga shafin wani ya shigo shafin mutum, wanda masu sana'ar ke kira baklink.

A shekarar 1996, ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aikin bincike da suka raɗa wa suna BackRub. Injunan bincike na wancan lokaci sun fi dogara ne da ƙidayar kalmomi: shafin da ya fi maimaita kalmar da ake nema yakan hau sama, ko da ba shi da wani amfani. Ɗaliban biyu sai suka ari dabarar malaman jami'a, waɗanda ke auna nauyin littafi da yawan marubutan da suka kafa hujja da shi. Suka ɗauki kowane mahaɗi a matsayin shaida: shafin da ya tura mutane zuwa wani shafi tamkar ya ce ne ya yarda da abin da ke can. Tsarin lissafin da suka gina a kan haka shi ne PageRank, kuma a kansa aka kafa kamfanin Google a watan Satumbar 1998.

Tun daga farko shaidun ba ɗaya suke ba. Shafin da shi kansa mutane da yawa suka shaide shi, shaidarsa ta fi nauyi. Sa'annan nauyin da shafi ke da shi ana raba shi ne tsakanin duk mahaɗan da ya fitar, saboda haka shafin da ya jera adireshi dubu, abin da kowane ɗaya zai samu bai taka kara ya karya ba. Haka abin yake a kasuwa. Idan sarkin fawa ya ce naman wane mai kyau ne, maganarsa ta fi ta mutum ɗari da ba a san daga inda suka fito ba.

Kalmomin da aka rataya mahaɗin a kansu su ma suna magana. A shekarar 2003 wasu masu adawa da shugaban Amurka George W. Bush suka yi ta saka mahaɗi zuwa tarihinsa da ke shafin fadar White House, suna rataya shi a kan wasu kalmomi biyu na Ingilishi masu nufin mummunar gazawa. Ba a jima ba, duk wanda ya nemi waɗannan kalmomi a Google sai tarihin shugaban ya fito masa a farko. Sai a watan Janairun 2007 kamfanin ya yi gyaran da ya kawo ƙarshen wannan wasa.

Manyan da suka saya suka ji a jikinsu

Da duniya ta gane cewa mahaɗi kuɗi ne, sai kasuwarsa ta buɗe. Google kuwa ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa saye ko sayar da mahaɗi don ɗaga matsayi laifi ne, ko da kuɗi aka biya, ko da kaya, ko da wata hidima.

A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ke fitowa a sahun farko a kan kayayyaki iri-iri, daga riguna zuwa shimfiɗun gado. Binciken ya gano dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da tufafi ko kayan ɗaki. Da Google ya ɗauki mataki, cikin sa'o'i kaɗan kantin ya faɗo daga na 1 zuwa na 68 a neman kujerun falo. Kamfanin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami waɗanda ke kula masa da harkar, amma sai da ya yi kimanin wata uku a cikin hukuncin.

A watan Fabrairun 2013 irin haka ta sami Interflora, mai sayar da furanni a Birtaniya, bayan tallace-tallacen da aka biya aka saka a jaridun yankuna ɗauke da mahaɗai. Shafin ya ɓace ko da sunansa aka rubuta, ana saura ƴan makonni a yi bikin ranar uwa, lokacin da kasuwar furanni ta fi ci a ƙasar. Google bai bar kansa ba ma: a watan Janairun 2012 ya rage matsayin shafin manhajarsa ta Chrome na aƙalla kwana 60, bayan da aka gano mahaɗi a cikin wani rubutun talla da aka biya.

Babban sauyin ya zo ne ranar 24 ga Afrilun 2012, da wani sabon tsari mai suna Penguin, wanda aikinsa shi ne farautar shafukan da suka tara mahaɗan bogi. A cewar kamfanin, ya taɓa kimanin kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Ingilishi. Masu ƙananan sana'o'i da yawa sun wayi gari baƙinsu sun ƙafe. Daga shekarar 2016 salon ya canza: maimakon a hukunta shafin gaba ɗaya, akasari sai a yi watsi da mahaɗan, a ɗauke su kamar babu su. A watan Disambar 2022 kuma kamfanin ya sanar da cewa yana amfani da ƙirƙirarriyar basira, a wani tsari mai suna SpamBrain, wajen gano masu saye da masu sayarwa.

Ma'anar wannan ga matashin da ke Maraɗi a bayyane take. Idan ya yi sa'a, kuɗinsa kawai suka tafi a banza. Idan bai yi sa'a ba, ma'aikacin Google ya duba shafin da kansa ya ɗora masa hukunci. J.C. Penney yana da lauyoyi da ƙwararrun da za su share masa ɓarnar. Mai kilishi ba shi da su.

Yadda ake yaudarar mai shafi

Abin da dillalan mahaɗai suka fi nuna wa mai saye shi ne wata lamba tsakanin 1 da 100, su ce ita ce darajar shafin da za a saka shi a ciki. Wannan lamba ba ta Google ba ce. Kamfanoni masu zaman kansu irin su Moz da Ahrefs ne ke ƙiyasta ta don amfanin masu sana'ar, kuma akwai dabarun kumbura ta. Shi Google ya daina nuna wa jama'a makin PageRank tun shekarar 2016.

Su kansu mahaɗan, daga wurare uku suka fi fitowa. Akwai shafukan da mutum ɗaya ya buɗe da yawa, ba don a karanta ba, sai don su riƙa nuna juna. Akwai tsofaffin adireshin da masu su suka kasa sabuntawa, wani ya saye ya cika su da shara yana cin tsohon mutuncinsu, abin da Google ya sanya a jerin laifuka a watan Maris na 2024. Akwai kuma shafukan da aka yi wa kutse aka ɓoye mahaɗai a ciki ba da sanin masu su ba. Mai sayar da kayan fata daga Damagaram yana iya biyan kuɗinsa, ya tarar da sunan shagonsa a jere da na gidajen caca da masu maganin bogi, a wani shafi da aka rubuta da harshen da bai taɓa ji ba.

Mahaɗin saye yana da kamanni. Yakan zo da yawa a lokaci guda, daga shafukan da ba ruwansu da sana'ar, kuma duka a kan kalmomi iri ɗaya. Na gaskiya ba ya zuwa haka. Wani zai rubuta kilishi, wani kilichi da rubutun Faransanci, wani ya sa sunan shagon, wani ya ce a duba nan. Wani zai ce Zinder, wani ya ce Damagaram. Wannan bambanci shi ke nuna cewa mutane ne daban-daban suka yi don ra'ayin kansu. Duk wanda kuma ya yi alkawarin matsayi na 1 cikin kwana kaza, ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba, domin Google da kansa ya sha gargaɗin cewa babu mai iya ba da wannan tabbaci.

Facebook da WhatsApp ba sa cike gurbin

Da yawa suna zaton yawan raba adireshi a dandalin sada zumunta yana ɗaga shafi a Google. Yana kawo baƙi, wannan gaskiya ne, kuma baƙo ɗaya da ya sayi kaya ya fi lamba a kan allo. Amma hirar WhatsApp a rufe take, injin bincike ba ya ganin abin da ke cikinta. Manyan dandali kuma galibi suna maƙala wa mahaɗan da jama'a ke sakawa wata alama mai suna nofollow, wadda Google da Yahoo da Microsoft suka amince da ita a shekarar 2005. Ma'anarta ita ce mai shafin yana cewa bai tsaya wa wannan mahaɗi ba. Wikipedia ma haka take yi wa mahaɗan da ke fita daga cikinta, saboda haka masu cusa adireshin shagonsu a maƙalolin Wikipedia ta Hausa suna ɓata aikin ƴan sa-kai ne kawai, kuma akan goge shi.

A shekarar 2019 an ƙara wasu alamomi biyu, ɗaya ta mahaɗin talla da aka biya, ɗaya ta abin da masu ziyara suka rubuta. Wannan yana da muhimmanci ga jaridu da masu talla. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya biya jarida ta tallata shi ta kuma saka adireshinsa. Laifin shi ne a ɓoye cewa talla ce, a bar mahaɗin ba alama kamar shaida ce ta kyauta.

Ciwon da ke cikin gida

Akwai wata matsala da ta fi ta dillalai tsufa a shafukan Hausa, ita ce kwafe ba tare da nuni ba. Wakili zai hau babur ya je ƙauye, ya ƙona mai da kuɗin waya, ya rubuto rahoto. Kafin la'asar rahoton ya bazu a shafuka goma, kalma da kalma, wasu sun cire sunansa, masu ɗan kirki sun rubuta sunan jaridar a ƙasa amma ba su saka mahaɗi ba. Shaidar da ta kamata ta koma ga mai aikin ta salwanta a hanya. Wani lokaci ma wanda ya kwafa, idan shafinsa ya fi tsufa da ƙarfi, shi ke fitowa a sama.

Wasu masu shafuka suna ƙin saka mahaɗi ne don tsoron kada mai karatu ya bi shi ya tafi bai dawo ba. Sakamakon shi ne kowane shafi yana zaune shi kaɗai kamar bukka a tsakiyar daji, babu hanyar da ta haɗa shi da maƙwabcinsa. Injin bincike kuwa ta kan mahaɗai yake tafiya yana gano sababbin shafuka. Inda hanyoyi suka yi ƙaranci, abin da zai gano ma kaɗan ne, kuma harshen gaba ɗaya ne ke asara.

Sai dai a cikin wannan rauni akwai dama. Mai rubutu da Ingilishi ko Faransanci yana gasa da miliyoyin shafuka. Mai rubutu da Hausa a kan noman albasa a Galmi, kiwon jar akuyar Maraɗi ko tarihin gasar kokawa ta takobin ƙasa, abokan gasarsa ƴan kaɗan ne. A irin wannan fage, mahaɗai biyar ko goma na gaskiya suna iya yin aikin da ɗaruruwa ba za su yi ba a wani harshe.

Inda ake samun na gaskiya

Tambayar da ta kamata mai shafi ya fara yi wa kansa ita ce: me ke cikin shafin nan da wani zai so ya nuna wa mutanensa? Hoton kaya da lambar waya ba su isa ba. Ɗan kasuwar da ke wallafa farashin albasa ko wake na kasuwar garinsu kowane mako, da kwanan wata, yana ajiye abin da ɗan jarida, ɗalibi da ɗan ci-rani za su nema. Mai kayan fata da ya bayyana matakan jima da hotunan da ya ɗauka da kansa ya ba da abin da ba a samu a wani wuri. Irin wannan bayani shi ake kafa hujja da shi.

Na biyu shi ne alaƙar da mutum ya riga ya mallaka a zahiri. Wanda yake mamba a wata ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta masu sana'ar hannu, wanda ya baje kolin kayansa a SAFEM a Yamai, wanda ya sami horo a cibiyar renon ƙananan kamfanoni irin CIPMEN, yana da hujjar roƙon a saka adireshinsa a inda aka ambaci sunansa. Haka wanda ya yi aikin haɗin gwiwa da wani sashe na Jami'ar Abdou Moumouni, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna ƙetare da ke da shafuka su ma hanya ce, musamman ga ƙungiyar raya gari da suke tallafa wa.

Na uku shi ne bin sawun ambato. Idan wata jarida ta yi labari a kan mutum ko ta yi amfani da hotonsa ba ta saka mahaɗi ba, saƙo gajere cikin ladabi, da godiya da adireshin da ake so a saka, yakan wadatar. Wanda aka kwafe wa rubutu shi ma zai iya farawa da wannan kafin a kai ga rigima.

Akwai kuma iyaka. Shafuka biyu masu alaƙa su nuna juna ba matsala ba ce, amma a mayar da abin adashe, kowa ya saka wa kowa ba tare da dalili ba, yana cikin abubuwan da ƙa'idojin Google suka hana. Haka rajista a ɗaruruwan kundayen adireshi da ba mai buɗe su.

Kafin a kashe ko dala

Google yana da wata hidima ta kyauta mai suna Search Console. Duk mai shafi zai iya yin rajista ya ga shafukan da ke nuno shi, kalmomin da mutane ke rubutawa su same shi, da kuma ko an ɗora masa hukunci. Ya kamata asusun ya kasance da sunan mai shafin, ba da sunan wanda ya gina masa ba, domin idan an ɓata da juna kada bayanan su tafi da shi. Ɗan ci-ranin da ya ba da kuɗin ginin shi ma zai iya neman a ba shi damar dubawa daga inda yake, maimakon ya dogara da hoton allo da ake turo masa.

Wanda ya riga ya saya kuma hukunci ya same shi, akwai hanyar gyara: ya nemi a cire mahaɗan, waɗanda suka gagara ya barranta da su ta wata kafa da Google ya buɗe a watan Oktoban 2012, sa'annan ya roƙi a sake duba shafin. Amma kamfanin yana gargaɗin cewa yawancin shafuka ba sa bukatar wannan kafa, kuma wanda ya yi amfani da ita da ka yana iya zubar da mahaɗansa masu kyau.

Nauyin mahaɗi ma ba kamar da yake ba. Jami'an Google sun sha faɗa a ƴan shekarun nan cewa tasirinsa ya ragu idan aka kwatanta da farkon kamfanin, yayin da ingancin rubutu da dacewarsa da abin da ake nema ke ƙara samun wuri. Shafin da ke da nauyin buɗewa a wayar da ke fama da raunin rezo, ko wanda rabonsa da sabon bayani tun bara, babu adadin mahaɗan da zai cece shi.

Jaka ashirin ko talatin ɗin da za a tura wa dillalin da ba a san fuskarsa ba, za su iya biyan mai hoto na yini guda, ko kuɗin intanet na watannin da za a yi ana wallafa farashin kasuwa. Sakamakon ba zai zo cikin mako biyu ba, yakan ɗauki watanni. Amma mahaɗin da wata jarida ko wata jami'a ta saka don ta ga amfanin abin da ke shafin, ba a wayar gari a tarar an soke shi, kuma yakan zo da abin da na saye ba ya kawowa: mutum mai rai da ya taɓa shi don yana son ya gani.